Yadda na nema wa Ummi gidan reno a Maradi, da abin da na tarar da ƙarfe ɗaya na rana

Na haifi ɗiyata ta fari cikin azumin 2024. Sunan mahaifiyar maigidana aka sa mata, shi ya sa duk gidan Ummi muke ce mata. Ina aikin lissafin kuɗi a wani kamfani mai zaman kansa a nan Maradi, kuma hutun haihuwa a dokar ƙasarmu mako 14 ne, wani sashe kafin a haihu, saura bayan an sauka. Na haɗa da kwanjena, wato hutuna na shekara, na yi wankan jego a gidanmu a Tasawa, na dawo ɗakina, kafin in ankara ranar komawa aiki ta zo. Daga lokacin zuwa yau mata da yawa sun tare ni, wasu a wurin aiki, wasu a gidan suna, suna tambayar inda nake kai yarinyata wuni. Kusan kowace na ga ta kama hanyar da na bi na sha wuya, shi ya sa na ga gara in faɗi abin tun daga tushe.

Da farko gidan reno bai ma zo mini a rai ba. Yayata ta aiko mini da ɗiyarta mai shekara 13 lokacin hutun damina, yarinya mai hankali, ta iya goyo, Ummi kuma ta saba da ita nan da nan. Shekarar ce ruwan ƙarshen watan Agusta ya rushe gidaje da dama a Maradi, kuma saboda ambaliyar da ta shafi ƙasa baki ɗaya gwamnati ta ɗage komawa lakwal zuwa 28 ga Oktoba. Wannan ya ƙara mini makonni. Da lokacin ya matso, ƴan uwa suka fara cewa in riƙe ta kawai, ai ɗiyata ce, karatun ma ina zai kai ta. Na kasa. Ni da nake zaune a biro saboda mahaifina ya bar ni na yi karatu, da wane ido zan dubi yarinyar nan in na cire ta daga aji don ta goya mini ɗiya? Na sa ta a mota ta koma. Hajiya, uwar mijina, ta ce a kai mata takwararta Tibiri, amma tana fama da ciwon ƙafa, ga shi Ummi tana wata bakwai, ba ta rabu da nono ba. Sai muka yanke shawara da Baban Ummi mu nemi wurin da ake biya a reni yara.

Kuskurena na farko shi ne ranar da na zaɓa. Asabar muka fita a kan moto, da la'asar, lokacin da babu yaro ko ɗaya a ko'ina. Wuri uku muka duba. Na farko gidan wata mata ne, ta kafa rumfar zana a tsakar gida, murhun girki yana kusa da ita. Ban ko zauna ba. Duk wanda yake garin nan a watan Nuwamban 2021 bai manta gobarar da ta tashi a azuzuwan zana ta kashe yara ƙanana aƙalla 25 ba, wadda bayanta gwamnati ta hana sa ƴan jardan, wato ƙananan yaran da ba su kai shiga firamare ba, a irin waɗannan azuzuwa. Na biyu yana da kyau amma ya yi mana nisa, kuɗinsa kuma jaka 30 na sefa a wata. Na uku shi ne ya ɗauke mini hankali. Bango ya sha fenti da zanen dabbobi, ga lilo, ga tele babba, ga na'urar sanyaya ɗaki, shugabar wurin kuma ta tarbe mu da Faransanci mai daɗin ji, ta ce yaransu tun suna shekara biyu suke ƙirga har goma. Na dubi Baban Ummi, ya dube ni, muka ce nan ne. Ban tambayi mutum nawa ke kula da yara nawa ba. Ban tambayi takardar izinin buɗe wurin ba. Ban ma san ana tambaya ba.

An ba ni jerin abin da zan kawo: kofin takardar haihuwa, kofin katin rigakafi, hoto huɗu, kofin katina na ɗan ƙasa, da lambobin waya biyu. Kuɗin rajista jaka 10, na wata jaka 20, kuma wata uku ake biya gaba ɗaya. A nan na gano ba mu da takardar haihuwar a hannu. Bayan suna Baban Ummi ya je asibitin da na haihu ya ba da sunan, aka ba shi ƴar takardar shaida, ya sa ta cikin jaka ya ɗauka an gama. Allah ya taimake mu ya yi wannan ɗin cikin lokaci, domin kwana 60 doka ta bayar a bayyana haihuwa, in ya wuce sai an bi ta gaban alƙali. Na nemi izini a wurin aiki ranar Talata na tafi ma'aikatar magajin gari ta da'irarmu da ƙarfe takwas. Na tarar da layi, yawanci iyaye masu neman takardun ƴan lakwal, don lokacin komawa karatu ne. Sai wajen sha ɗaya na kai gaban tebur, na miƙa ƴar takardar nan, ma'aikacin ya duba babban littafi ya samo sunan, ya ce in dawo Alhamis an sa hannu. Ranar Alhamis na karɓa, na yi fotokopi biyar a bakin titi, na sayi tambur aka buga hatimin tabbatarwa a kan biyu. Duka da kuɗin kabu-kabu bai kai jaka 3 ba, amma ya ci mini safiya biyu. Kafin ki bar wurin ki karanta sunayen harafi bayan harafi, ki gwada da na katin uban, don gyaran harafi ɗaya daga baya ya fi karɓar takardar wuya.

Katin rigakafi bai ba ni wahala ba, don ban taɓa fashin awo ba. BCG, wato allurar tarin fuka, da ɗigon shan inna tun haihuwa, sai na mako 6, mako 10 da mako 14, duk an cike. Saura na wata tara, na ƙyanda da shawara da sanƙarau, wanda aka yi mata a Disamba. Abin da ya kamata ya tsaya mini a rai shi ne, da na kai takardun, matar da ta karɓa ba ta ko buɗe kofin katin ba, ta jefa shi cikin durowa. In ba a duba na ɗiyata ba, to ba a duba na sauran yaran da za ta wuni da su ba ke nan. A lokacin murna ma na yi da ba a ja ni da tambaya ba.

Ranar farko, farkon Nuwamba, na kai ta ƙarfe bakwai da rabi da jakarta: pampas huɗu, kaya biyu, kunun gero a fulas, da nonon da na tatsa. A bakin ƙofa aka karɓe ta. Na ce zan shiga in ga inda za ta kwanta, aka ce iyaye ba sa shiga ɗakin yara, wai don tsabta. Na ji abin ya yi ma'ana. Ina jin kukanta har na hau moto, na isa biro na shiga bayi na yi nawa kukan. Sa'a ɗaya da ake ba mai shayarwa a rana sai na mayar da ita tashi da wuri, in je in ɗauke ta da la'asar, don haka ban taɓa ganin wurin da tsakar rana ba. Kullum in na tambaya amsa ɗaya ce: "Ta ci, ta yi barci, ta yi wasa, lafiya lau, Madam." Wata huɗu ina jin wannan magana, ko kalma ɗaya ba ta canza ba.

Alamu sun yi ta zuwa, ni ce na riƙa nema musu uzuri. Ina sa pampas huɗu, uku su dawo. Ƙuraje suka feso mata a matsematsi, na ce zafi ne, alhali ana tsakiyar hunturu. Wata rana ta dawo murya a dushe, na ce ƙurar buji ce. Fuskar da ke karɓarta a ƙofa tana canzawa kusan kowane mako uku, in na tambayi ta jiya sai a ce ta yi tafiya. Abin da ya fi damuna daga baya shi ne wanda Baban Ummi ya fara lura da shi. Wani dare ya ce mini, "Maman Ummi, yarinyar nan fa ta yi shiru." Da can in ta farka da asuba sai ta cika ɗaki da gwaranci, tana ba-ba-ba tana jan gemun ubanta. Yanzu sai ta zauna ta ƙura wa wuri ɗaya ido, in an kunna tele kuwa ko kiran sunanta ba ta juyowa. Na ce masa girma ne take yi.

Cikin azumin 2025, watan Maris, zafi ya fara, aka aike ni banki da rana. Na gama da wuri, wurin kuma yana kan hanyata, sai na ce bari in leƙa. Ƙarfe ɗaya ta ɗan gota. Mai gadi ya tafi salla, ƙofa a sakaye, na tura na shiga har ɗakin da ban taɓa gani ba. An ɗauke wuta, tagogi a rufe saboda an saba da na'urar sanyi, ɗakin kamar tanda, ga zarnin fitsari. Na ƙirga yara 17, daga masu rarrafe har masu gudu, duk a ɗaki ɗaya. Babba ɗaya ce a ciki, ita ma yarinya ce da ba za ta wuce shekara 17 ba, ta goya ɗaya, ta rungumi ɗaya, tana jijjiga gadon na uku da ƙafa. A kusurwa bokitin ruwa ne da kofi ɗaya, wani yaro ya sha ya mayar da shi ciki, wani ya ɗauka. Ummi tana kwance rigingine a gado, an tokare mata bibaro da tsumma don ta sha da kanta, kunun ya zubo ta gefen baki ya bi wuya ya bushe, ƙudaje suna bi. Ba kuka take ba. Idonta a buɗe, tana kallon silin. Da na ɗaga ta sai da ta ɗan jima tana dubana kafin ta fashe da kuka.

Na juya zan sauke wa yarinyar nan duk abin da ke cikina, sai na ga idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Madam, don Allah kar ki ce ni na bar ki kika shigo." Na tambaye ta ina sauran. Ta ce su biyu ne, ɗayar an aike ta kasuwa tun hantsi, kuma haka ake yi kusan kullum. Na tambayi albashinta, ta ce jaka 15, wata biyu ke nan ba a ba ta ba, tana kuma azumi. Babu wanda ya taɓa koya mata komai a kan reno, ranar da ta zo ranar aka miƙa mata yara. Bakina ya mutu. Hannu biyu Allah ya ba ta, ko ni aka ba yara 17 abin da zan yi ke nan. Na goya ɗiyata na fita ko jakarta ban ɗauka ba.

Kwana biyu bayan haka zawo ya kama Ummi, har da amai. Muka kai ta asibitin unguwa da sassafe. Ganin likita kyauta ne ga yaro ƙasa da shekara 5, tsarin da aka fara tun 2006, sai dai wani maganin mun saya a farmasi, wajen jaka 3 da rabi. Mun yi kusan awa biyu a kan benci kafin a kira mu. Ma'aikaciyar ta ja fatar cikinta ta saki don ta ga ko ruwan jiki ya ƙare, ta ɗora ta a sikeli, ta zagaya mata igiyar awon damtse. Igiyar ta tsaya a kore, alamar lafiya, amma dab da ruwan ɗorawa, alamar an fara ramewa. Ta buɗe katin awo ta nuna mini da bakin alƙalami: tun Disamba nauyin bai motsa ba. Ta tambaye ni wa ke ba ta abinci da rana, da me ake ba ta. Da na ce bibaro, sai ta girgiza kai ta ce in jefar da shi, a koma kofi da cokali, don bibaro a wannan zafin ba ya wankuwa yadda ya kamata. Ta ba mu garin haɗa ruwan gishiri da sukari, da ƙwayar zinki ta kwana 10, ta ce in ci gaba da ba ta nono, kar in rage mata abinci, in kuma ta kasa sha ko ta yi laushi mu dawo ko da tsakar dare ne. Allah ya sa ba a kai ga kwantar da mu ba.

Da ta samu sauƙi na koma wurin shugabar. Na faɗa mata abin da na gani dalla-dalla, ba tare da ɗaga murya ba. Ta ce ai duk yaro yana zawo lokacin haƙori, ranar kuma tsautsayi ne, ga tsadar haya ga kuɗin wuta. Lissafi sana'ata ce: yara 17 sau jaka 20, jaka 340 ke nan a wata daga ɗaki ɗaya, albashin masu reno biyu kuma jaka 30. Kuɗin ɗaukar mutum na uku da na huɗu yana nan, a fenti da lilo aka ga damar sa shi. Na nemi a mayar mini da kuɗin watan Afrilu da na riga na biya, ta nuna mini ƙasan rasit ɗin inda aka rubuta da ƙananan haruffa cewa ba a mayar da kuɗi. Baban Ummi ya ce in bar shi. Na bar kuɗin, amma iyaye uku da nake da lambarsu na kira su na gaya musu su je da ƙarfe ɗaya su gani da idonsu.

Hajiya da ta ji labari ba ta jira an je ɗauko ta ba, ta shigo motar Tibiri da sandarta ta zo ta zauna da mu har bayan ƙaramar Salla. Da ita muka yi nema na biyu, kuma ita ta koya mini yadda ake duba wuri. Wata abokiyar aikina ta kwatanta mana gidan wata tsohuwar malamar jardan da ta yi ritaya. Muka je ranar Laraba da azahar ba tare da mun sanar ba. Babu fenti, babu lilo. Gida ne na siminti da babban dogon yaro a tsakar gida, an share ƙasa tas, an shimfiɗa tabarmi. Mai wurin ta ce mu shigo duk inda muke so. Ni na fara jero tambayoyi, Hajiya kuwa ta nemi gefen tabarma ta zauna ta ce, "Ke dai yi ta tambayarki, ɗiyata, ni zan kalli hannuwansu." Yara 14 ne, masu reno uku ban da mai wurin da mai girki. Waɗanda ba su fara tafiya ba su biyar ne, ɗakinsu daban, a hannun wata dattijuwa da kowa ke ce wa Inna, wadda aka ce shekararta shida a gidan. Wani abokin aikinmu da ya yi karatu a Faransa ya taɓa gaya mini cewa a can ƙa'ida ita ce babba ɗaya ga yara biyar da ba su tafiya, ko takwas masu tafiya, sai ga shi na tarar da kusan haka a wani lungu na Maradi. Kowane yaro da kofinsa, an ɗaura wa mariƙin zare mai launi daban. Randa a rufe, buta da sabulu a bakin kowane ɗaki, gidan sauro a kan kowace katifa, kicin can baya da ƙyaure, ƙofar fita biyu. Takardar izini tana rataye a bango.

Muna zaune wani jariri ya farka da kuka. Inna tana canza wa wani ƙyalle, sai ta ɗaga murya daga inda take, ta kira sunansa ta ce ta ji shi, ga ta nan zuwa, ya yi haƙuri ta gama da ɗan uwansa. Ta gama, ta wanke hannu da sabulu, ta ɗauke shi ta sa a kafaɗa tana yi masa waƙar reno. Hajiya ta taɓa ni da sandarta ta ce, "Nan za ki kawo takwarata."

Rajistar nan ta fi ta farko tsawo. Jaka 5 na shiga, jaka 18 a wata, wata-wata ake biya. Mai wurin ta buɗe katin rigakafin shafi-shafi, ta tuna mini akwai allurar ƙyanda ta biyu a shekara ta biyu. Ta ce sai na kawo takardar likita mai nuna yarinyar ta warke, na koma asibiti na karɓo. Sannan ta zaunar da ni kusan awa ɗaya tana tambaya tana rubutawa: yaya Ummi ke barci, a goye ko a kwance, me take ce wa ruwa, me ke ba ta tsoro, akwai abincin da ke sa mata ƙaiƙayi, wa da wa aka yarda su zo ɗaukarta. Ta ce ba za ta karɓi yarinya ta wuni tun ranar farko ba. Litinin muka zauna tare awa ɗaya muka tafi. Talata na bar ta rabin awa na zagaya. Laraba har ta ci abincin rana, Alhamis ta yi barci a can, sai Juma'a ta kai har tashi. Na ci kwana uku daga hutuna, shugabana bai ji daɗi ba, amma ran nan na biyar da Inna ta miƙo hannu Ummi da kanta ta tafi.

Akwai abin da ya ci gaba da yi mini ƙaiƙayi a rai, wato karatu. Na tambayi mai wurin yaushe za a fara koya mata haruffa da Faransanci, don ɗan maƙwabciyata yana rera waƙoƙin lakwal tun bai kai uku ba. Ta yi murmushi ta ce, "Maman Ummi, zo ki ga karatun." Ta kai ni gindin bishiya. Ƴan shekara biyu suna zuba yashi daga ƙwarya zuwa gwangwani, mai renonsu tana tsugune tana cewa wannan ya cika, wannan saura kaɗan, wa zai ba ni babban ludayi. Wasu suna jera faifai daga ƙarami zuwa babba. A ɗakin jarirai Inna ba ta yin komai da baki a rufe: ga ruwa, ruwan da sanyi, ɗaga hannu in sa miki riga, ina hancin Ummi. In yaro ya yi gwaranci sai ta tsaya ta saurara, ta amsa masa kamar ya faɗi magana, shi kuma ya ƙara. Mai wurin ta ce yaro daga bakin mutum yake ɗaukar harshe, wanda ya dube shi ya amsa masa, kuma in ya ƙoshi da harshen gidansu na biyu ba ya yi masa wuya. Babu tele a gidan ko ɗaya. Daga baya na ga Hukumar Lafiya ta Duniya ma tun 2019 ta ba da shawarar kar a zaunar da yaro ɗan ƙasa da shekara 2 gaban allo. A watan Maris ɗin 2025 ne kuma aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, amma har yanzu da yawanmu in muka ji ana yi wa yaro Hausa a wurin da muke biyan kuɗi sai mu ga kamar an cuce mu. Ni ma haka na ji a makon farko. Cikin wata biyu gwarancin Ummi ya dawo, kalmarta ta farko bayan Baba ita ce "ɗauka", nauyinta kuma ya fara hawa da kunun gero mai gyaɗa da waken soya, da faten wake da zogale da suke ba su.

Ba zan ce wurin ba shi da nasa ba. Ƙarfe biyar da rabi suke rufewa, in kin makara akwai tara. Da damina lungun yana cika da ruwa, sai an tuɓe takalmi. Mura kuwa in ta shiga sai ta zagaye kowa. Ranar da Ummi ta tashi da ciwon ido aka ce in mayar da ita gida har ta warke, na yi fushi sosai don ina da rufe lissafin wata, sai da na huce na gane dokar da ta kore ni ranar ita ce ke tsare ɗiyata sauran ranaku. Abin da ya sa na saki jiki da su shi ne ƙaramin kaye da ke cikin jakarta, inda ake rubuta abin da ta ci, sau nawa ta yi bayan gida, barcin minti nawa. Wata rana a rubuta "ta ƙi cin abinci", wata rana "ta ciji wani yaro". Ranar da ta faɗi ta yi ƙulu a goshi, kafin in zo an kira ni a waya an gaya mini yadda aka yi da wadda ke wurin. Daga Yuli zuwa Oktoba, lokacin da masu rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro ke zagayawa wata-wata don yara ƴan wata 3 zuwa shekara 5, ba a ba ta ba sai da aka tambaye ni, aka kuma rubuta mini cewa na kwana na biyu da na uku a gida zan ba ta.

Ga wadda za ta fara nema, ki fara tun wata biyu kafin hutunki ya ƙare, ki haɗa takardar haihuwa da katin rigakafi tun kina jego. Ki je ranar aiki tsakanin sha biyu da biyu, lokacin ci da barci da gajiya, kar ki sanar. In an hana ki shiga inda yara suke, ki juya, ko me aka ce miki dalili. Ki ƙirga yara ki ƙirga manya da idonki, kar ki karɓi adadin da aka faɗa miki a ofis. Ki tambayi mai renon da kanta tun yaushe take wurin, in kin samu sarari ki tambaye ta ko ana biyanta a kan lokaci, don matar da ke bin albashin wata biyu gobe ba za ki same ta ba, yaro kuma ba ya sakin jiki da fuskar da ke canzawa. Ki duba kofin shan ruwa, ki duba inda wuta take, ki tambayi abin da suke yi in an ɗauke wuta a watan Afrilu. Ki karanta rasit har ƙasa, kar ki biya wata uku a wurin da ba ki gwada wata ɗaya ba. Ki tafi da tsohuwa in kina da ita. Bayan kin sa yaro kuma ki ci gaba da kai shi awo, don sikeli ya gaya mini abin da aka ɓoye mini wata huɗu.

Kwanan baya na haɗu da yarinyar nan ta gidan farko a babbar kasuwa, tana taya wata mata sayar da atamfa. Ita ta gane ni. Ta gaishe ni ta ce, "Madam, ina Ummi? Har yanzu sai an bubbuga mata baya take barci?" Ta bar aikin tun bayan Salla, kuɗinta na wata biyu ba ta same su ba. Na tambaye ta ko tana son reno har yanzu, ta ce tana so, in dai ba ita kaɗai za a bari ba. Na yi wa mai gidan renonmu maganarta, ta ce in kawo ta ta zauna kusa da Inna wata ɗaya a ga hannunta. Ranar Litinin mai zuwa zan biya in ɗauke ta, mu tafi tare da Ummi.